Alhamis Ɗin da Wayar Gazali Ba Ta Yi Ƙara Ba

Sallama gare ku, 'yan uwana na wannan shafi. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto wai in amarci ne ya ɓoye ni in fito in faɗa, a zo cin shinkafa. Allah Ya shirye ki. Ba amarci ba ne. Na jima ina buɗe wayar nan in rubuta layi biyu in goge, saboda abin da ke cikina ba ni da wanda zan faɗa wa a gidanmu. Ku kuwa ba ku san fuskata ba, shi ya sa na dawo gare ku.

Ga waɗanda suka shigo yau: sunana Najiba, 'yar Tambuwal ce ni, ina digiri na biyu a fannin lantarkin sadarwa. Wanda nake so sunansa Gazali, mutumin Kebbe, ma'aikacin wani kamfanin waya. Shi ke kula da na'urorin da ke gindin dogon ƙarfen sabis na yankinsu. Yayata Kamila ta rasu a daminar nan wurin haihuwa, a gidan mijinta Aminullahi da ke Fakku. Ta bar mana jaririya, aka mayar mata da sunan uwarta, muna kiranta Ummu. Tun ranar ban koma makaranta ba.

Dole ku yi haƙuri in gaya muku abin da nake karantawa, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya same ni ba. Inna ma har yau in an tambaye ta sai ta ce, “Gyaran waya taka karantawa, amma ko tocila ba ta taɓa gyara muna ba.”

Maganar da kuke yi a waya ba duka a iska take tafiya ba. Daga ƙarfen sabis tana shiga wani siririn zaren gilashi da aka binne a gefen hanya, ta zama haske mai ƙyaftawa da saurin da hankali ba zai ɗauka ba. A ɗaya ƙarshen zaren akwai wani ɗan abu da bai fi farcen yatsa ba, aikinsa ya karɓi hasken ya mayar da shi magana. Ba a aiko masa da agogon da zai bi. Daga ƙyaftawar hasken kanta yake kamo saurin wanda ya aiko, ya daidaita nasa bugun, sannan ya iya karantawa. Kamar mace ta uku da za ta shiga lugude ne, ba mai ƙirga mata, da kunne take kama bugun taɓaren sauran ta jefa tata.

Amma kafin ya kama bugun, sai ya fara sanin ko akwai hasken ma. In hanya ta yi nisa, haske a gajiye yake isowa. Shi ya sa ake sa masa iyaka. In ƙarfin abin da ya iso ya haura iyakar, sai ya ce akwai saƙo. In ya faɗi ƙasa da ita, sai ya sanar cewa hanya ta yanke, a tura wa ma'aikaci ƙararrawa, na'ura kuma ta juya kira zuwa hanyar ko-ta-kwana. Ka ɗaga iyakar da yawa, ya dame ka da ƙararrawar ƙarya. Ka sauke ta da yawa, ya kasa bambanta haske da 'yar hayaniyar da lantarki ke yi a cikinsa ko ba a aiko komai ba, ya zauna yana cewa lafiya lau alhali zare ya tsinke. Inda ya kamata a ajiye iyakar nan, shi ne duka binciken da na ƙare ƙuruciyata a kai.

To, ku dawo kan Gazali.

Ranar Alhamis yake zuwa zance, bayan la'asar. Zai taso daga Kebbe a kan babur ɗin kamfani, ya tsaya masallacin bakin kasuwa ya wanke ƙafa, ya fito da hula daga leda ya kafa, don kada in gan shi da tabon kwalkwali a goshi. Ni kuwa ina sane, ƙanwar maƙwabciyarmu ta sha ganinsa. Kullum da ƙullin fura da nono daga mahaifiyarsa, wai a ba Inna. Sai in shimfiɗa mana tabarma a zaure, in kawo ruwan randa da zoɓo, mu fara hira.

Ba ma nisa wayarsa za ta yi wani ƙara mai kama da kukan gyare. Ya duba, fuskarsa ta faɗi.

“Hanyar Kebbe ce kuma?”

“Ita ce. Hasken ya yi ƙasa. Wallahi ina isa zan tarar ya dawo da kanshi.”

“To ka bari mana.”

“In na bari suka gani a ofis, aikina ne.”

Haka zai naɗe ƙafar wando ya hau babur, ni in naɗe tabarma ina kumbura. Sau nawa na yi kwalliya ta awa guda aka kalle ta minti goma. Har na taɓa tura masa saƙo na ce in ƙarfen nan zai dafa masa tuwo to ya je ya aure shi. Ya turo fuskar kuka guda uku, da “Ki yi haƙuri injiniyata.” Ina son sunan nan, ba zan ɓoye muku ba.

Sai wata Alhamis a tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, aka wuni ana yayyafi. Na ce ba zai zo ba, sai ga shi, shaddarsa ruwan toka duk feshin taɓo. Na sa atamfata mai ganyen kuka da mayafi ruwan madara. Muka zauna. Na yi ta satar kallon wayarsa a kan tabarma ina jiran gyaren nan, shiru. Muka yi maganar gidan da yake ginawa, da inda zan ajiye teburin karatuna, har muka yi musu a kan kalar labule. Rana ta faɗi yana nan. Ya bi Baba sallar magariba, Baba ya ce a zubo masa tuwo. Na shiga ɗaki ina rawa ni kaɗai gaban madubi. Ban taɓa farin ciki irin na yammacin nan ba.

Bai gama cin tuwon ba ƙanen Aminullahi ya yi sallama, jikinsa sharkaf, ko takalmi babu.

Ga yadda aka yi, kamar yadda muka ji daga baya. Kamila ta haihu lafiya bayan azahar, har ta sha kunu ta ce a miƙo mata 'yarta. Sai jini ya ɓalle. Ungozoma ta yi iya yinta, ta ce a nemo mota. Akwai wani Ɗangiwa a Kebbe, shi ke ɗaukar marasa lafiya na ƙauyukan nan, kira ɗaya yake tasowa. Aminullahi ya ciro waya, sandunan sabis a cike taf. Ya kira, ba ta shiga ba, ba ta kuma ce babu sabis ba. Ya sake. Ya karɓi ta maƙwabci, ita ma a cike, ita ma haka. Mutanen Fakku sun saba da ɗaukewar sabis, in suka ga waya wayam ba sa ɓata lokaci, babur suke hawa. Amma ranar kowa ya duba tasa sai ya ce, “Akwai sabis, sake gwadawa, yanzu za ta shiga.” Suka yi ta gwadawa tana zubar da jini a ɗaki. Da ya gaji ya hau babur cikin taɓon nan ya je ya zo da motar, an makara. A hanya ta cika, kanta a cinyarsa.

Washegari aka gano ruwa ne ya ci gefen hanya ya tsinke zaren gilashin. Kowa ya ce ƙaddara, ni ma na ce ƙaddara. Abin ya ɗan tsaya mini a rai, me ya hana kira komawa hanyar ko-ta-kwana? Na tambayi Gazali a kwanakin makoki, ya ce shi ma ya rasa ganewa, wataƙila batirin waccan na'urar ne, kayansu duk sun tsufa. Ban bi ba. Wanda ya binne yayarsa ba ya bin batir.

Kuma ku zo ku ga Gazali a makokin nan. Shi ya kafa rumfa, shi ya jido tabarmi daga masallaci, shi ya yi ta safarar ruwa. Da Ummu ta ƙi karɓar madarar farko, har Sakkwato ya je ya samo wata. Inna da ta daina magana da kowa, shi kaɗai in ya durƙusa gaishe ta take ɗago kai. Ran nan ta ce da Gwaggo Atu, ƙanwar Baba, ina ji, “Wanga yaro ba suruki ba na, ɗa na.”

Bayan sadakar arba'in Baba ya kira ni. Ya ce gidan ya yi duhu da yawa, Inna tana ramewa, a bar Gazali ya turo magabatansa a sa rana. Ya ce kuma sun yi shawara da dangin Aminullahi, tunda Inna ƙarfinta ya ja baya, ni zan riƙi Ummu, in tafi da ita ɗakina. Da aka gaya wa Gazali har hawaye ya yi. Ya turo mini hoton ƙaramin ɗakin da ke kusa da namu, ya shafe shi da fenti ruwan hoda, ya rubuta, “Ɗakin Ummu.” Na yi kuka, amma na daɗi ne. Aka tsayar da Asabar magabatansa za su zo.

Alhamis ɗin da ta gabaci Asabar ɗin ya zo kamar kullum. Ina riƙe da Ummu a kafaɗa, tana ta ƙoƙarin cin gefen mayafina. Hira ta yi daɗi, na daɗe ban yi dariya haka ba. Sai bakina ya ja ni.

“Ni kam ina gyaren nan naka? Ya mutu ne? Rabon da in ji shi tun kafin rasuwa.”

Ya yi murmushi, ya gyara zama irin na wanda ya daɗe yana ɓoye kyauta.

“Sai yau kika lura? Ina ta jira ki tambaya.”

“Me ka yi masa?”

“Maganinshi na yi. Saboda ke.”

“Kai dai faɗa mini.”

“Akwai wani zaurenmu na ma'aikata a waya, kowa na kawo dabararshi. Wani ya nuna yadda ake shiga na'urar a sauke iyakar nan da take sa ta kuka. Ai ke kin fi ni sani. Hasken namu ba yankewa yake ba, rauni ne kawai saboda nisa, ita kuma abu kaɗan ta hau ihu. Na ce yau ga ranar da zan zauna da Najiba har magariba. Na sauke ta, shi ke nan, kunnena ya huta.”

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ƙanƙame Ummu a kafaɗata.

“Zuwa nawa ka sauke ta?”

“Can ƙasa. Iyakar inda ta yarda.”

“Gazali, zuwa nawa?”

Ya faɗi lambar. Na san lambar. Na sha ganinta a ɗakin gwaji, a nan ne ɗan abin yake daina gane komai, ko ka zare zaren gaba ɗaya ka riƙe a hannu zai ci gaba da cewa akwai saƙo.

“Yaushe ka yi?”

“Ranar wata Laraba. Washegari ne ma na zo muka daɗe, ranar da...”

Bai ƙarasa ba. Ya kalle ni, na kalle shi.

“Na'urarku ta Kebbe,” na ce, “me take dubawa kafin ta juya kira hanyar ko-ta-kwana? Sababbi suna duba abu biyu ko uku. Taku fa?”

“Tsohuwa ce. Wannan alamar kaɗai take...”

“To zare ya tsinke, ba ta sani ba. Ba ta kira ka ba, ba ta juya ba. Ƙarfe ya ci gaba da cika wa mutane waya da sanduna, bayansa kuwa babu komai. Ba batir ba ne, Gazali.”

Ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, a kan turɓaya, shi da ko ƙura ba ya bari ta taɓa ta. Ya ce innalillahi ya fi a ƙirga. Ya dubi Ummu, ya kawar da kai da sauri kamar ta mare shi.

“Ban sani ba. Najiba, wallahi tallahi ban sani ba.”

“Na san ba ka sani ba.”

“Kowa a zauren yana yi. Ba wanda ya ce...”

“Tana nan a haka har yanzu?”

Ya sunkuyar da kai.

“Gazali, yau ma a haka take? Mata nawa ne ke da ciki tsakanin Kebbe da Fakku?”

Ya miƙe har yana tuntuɓe da kofin zoɓo. A bakin zaure ya juyo, idonsa jawur.

“Yanzu zan je in mayar. Amma don girman Allah kada ki gaya wa kowa. Ki bar ni in faɗa wa Baba da bakina, gobe bayan Juma'a. In ya ce in tafi, zan tafi. Kada su ji a bakinki, kada a ce ke ce kika...”

Na gyaɗa kai. Ya tafi ya bar hular, na ɗauka na kakkaɓe na cusa a ƙasan akwatina kamar wadda ta yi sata.

Na shiga gida. Inna na tsakar gida tana tankaɗen garin masara na baƙin Asabar, Gwaggo Atu na yanka kuɓewa.

“Har ya tafi? Mi ya faru, ko kun yi faɗa?”

“Aiki ne ya taso masa.”

“Allah Shi yi mishi albarka. Ke kuma ki saki fuska, jibi war haka an sa miki rana.”

Kun ga inda nake? Ku gaya mini me zan ce da matar nan. In ce mata yaron da take kira ɗa, don ya zauna da ni har magariba ya toshe bakin abin da zai ceci 'yarta? In ce mata lokacin da Kamila ke kiran sunanta a Fakku ni ina zaure ina musun labule? Na san rai na hannun Allah, na san ko motar ta zo da wuri in kwana ya ƙare ya ƙare. Na faɗa wa kaina haka har na gaji. Amma ni na karanci abin nan, ba zan iya yi wa kaina ƙaryar da zan yi wa wani ba. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne har yanzu ina sonsa. Na duba zuciyata ko zan samu ƙiyayya in riƙe, ban samu ba. Tausayinsa na samu, da kunyar Kamila.

Da magariba saƙonsa ya shigo: “Na mayar da ita yadda take.”

Na rubuta: “Gobe fa?”

“In sha Allah.”

Juma'a na wuni kunnena yana zaure. Aka sauko masallaci, Baba ya dawo shi kaɗai da carbinsa, ya ci abinci, ya kishingiɗa. La'asar ta yi, babu Gazali. Na tura masa, “Kana ina?” Alama ta nuna ya karanta, bai amsa ba. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Na tura, “In ba za ka iya ba ka dakatar da magabatanka su Kawu, kada su zo gobe.” Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina.

Ranar Asabar tun da hantsi gida ya cika da ƙamshin miyar kaji. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa babbar darduma a zaure. Gwaggo Atu ta fito mini da leshi ruwan zuma, ta ce in saka. Na ce kaina ke ciwo. Ta ce, “Ciwon kan amare, mun san shi,” ta ɗaura mini ɗankwali da hannunta, ta goga mini turare a wuya. Inna ta yi wanka ta sa kwalli. Rabon da in ga kwalli a idon Inna tun ranar da Kamila ta zo awon ciki na ƙarshe ta kwana a gida.

Wajen azahar motar Kebbe ta tsaya. Ta tagar ɗakina na hango dattawa cikin manyan riguna, ana sauke ƙwaryar goro da katan na alawa da dabino. A daidai lokacin wayata ta yi motsi.

“Na zo jiya har bakin layinku. Na hango Baba yana alwala a ƙofar gida, na kasa. Na kasa hana su Kawu kuma, me zan ce musu? Ki yi duk abin da kika ga ya dace, ba zan ga laifinki ba. Ki yafe mini.”

Wato ya ɗauko kayan ya ɗora mini a ka. Na zauna bakin gado ina kallon saƙon har allon ya mutu.

Baba yana da wata al'ada. Ba ya amsa wa kowa maganar 'yarsa sai ya shigo cikin gida ya tambaye ta da bakinsa, gaban mahaifiyarta, ko da shi ya san amsar. Haka ya yi wa Kamila, ina laɓe a bayan ƙofa ina dariya. Yau ga shi ya bar baƙi a zaure ya shigo ɗakin Inna, ya aika a kira ni.

Na durƙusa. Inna na gefen gado da Ummu a cinya, tana mata wasa da 'yan yatsu.

“Najiba,” in ji Baba, “mutanen Kebbe sun zaka neman aurenki ma ɗansu Gazali. Ni ban yi miki dole, kin sani. Abin da nika so in ji daga bakinki, kin yarda in ba su?”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Na ma shirya maganar: Baba, a dakata, akwai abin da ya kamata ku sani. Sai Ummu ta yi wata 'yar dariya, irin ta jarirai da ba ta da dalili, Inna ta kwashe da tata, ta ce, “Ji ɗiyar nan, ita ma ta ƙagara ta koma ɗakinta mai fenti.” Ta ɗago tana dubana, idonta da kwalli, fuskarta a sake.

Na sunkuyar da kai. Hawaye suka fara ɗiga a kan leshin.

“Najiba?”

Ban ce e ba. Allah ne shaidata, ban ce e ba. Ban dai ce komai ba.

Baba ya jira kaɗan, sannan na ji ya yi 'yar dariya.

“To, alhamdulillahi. Malamai sun ce budurwa in anka tambaye ta tay yi shiru, ta yarda. Yayarki ma haka tay yi. Allah Shi yi muku albarka.”

Ya sa takalmansa ya fita. Ina durƙushe a wurin na jiyo an ɗauki fatiha a zaure, muryoyin maza suka amsa amin. Gwaggo Atu ta dubi Inna kamar mai neman izini, don ba a yi guɗa a gidan ba tun rasuwa. Inna ta gyaɗa mata kai. Ta kama hanci ta rangaɗa. An sa biki bayan girbi.

Mata suka cika tsakar gida, wannan ta ja kumatuna, waccan ta cusa mini alawa a hannu. Na sulale na nufi bayan ɗaki wurin randuna, in wanke fuska. Ban kai ba na ji sallama ƙasa-ƙasa daga ƙofar baya.

Aminullahi ne. Baba ya gayyace shi ya zauna cikin masu karɓar baƙi, don har gobe ɗan gida ne. Na daɗe ban gan shi kusa ba. Rigar da ta yi masa daidai bara yanzu rataye take a kafaɗunsa, gemunsa ya yi furfura, mutumin da bai kai arba'in ba.

“Ƙanwata, Allah Shi sa alheri. Gazali mutumen kirki na, Ummu ta yi dacen uba.”

“Amin, Yaya. Na gode.”

Ya juya kamar zai tafi, sai ya tsaya. Ya ciro wayarsa daga aljihu, tsohuwa mai tsagaggen gilashi, yana juya ta a hannu.

“Akwai abin da nika son tambayarki tun tuni, na rasa fuska. Ban iya barci, Najiba. Kullum sai in ga kaina tsaye ƙofar ɗakinta ina danna wagga waya. Mutane na ce mini ƙaddara, su dai faɗi sukai don in ji sanyi. Amma ke kinka karanci abin ga, ke ba ki yi mini ƙarya.”

Na dafa bakin randa.

“Sabis ya cika ranar, na gani da idona. To mi ya hana ta shiga? Ko ni na ban iya kira ba? Ko wayata ce ta lalace ban sani ba?” Ya share ido da hannun riga. “In laifina na, ki gaya mini, in san abin da zan roƙi Allah gafara a kai. Ni na kashe ta?”

A tsakar gida Gwaggo Atu na kiran sunana, wai amarya ta zo a yi hoto. Alawar sa ranata ta narke a tafin hannuna. Shi kuma yana tsaye, ya miƙo mini wayar da hannu biyu, yana jira in duba.